Jakar Yashin Baba Mai Lema

Tun da hankalin Baba ya fara tafiya yana dawowa, ban ƙara jin kukan ƙyauren zaurenmu ba sai gabana ya faɗi. Ko ina tsakiyar tuƙin tuwo, ko ina ba 'yata nono, da na ji ƙiii sai in zabura in leƙa ƙofar ɗakinsa, in ga ko takalmansa suna nan. Maigidana yakan ce na cika tsoro, wai tsohon da sai da sanda yake kai kansa masallacin ƙofar gida, ina zai je? Shi tsoho ya tarar, ni kuwa na san ƙafafun nan tun suna da ƙarfinsu, na san in suka sa gaba ba mai tare su. Baba kakana ne, shi ya haifi mahaifiyata. Da ta rasu ina rarrafe, shi da kakata Inna suka riƙe ni. Inna ma ta riga mu gidan gaskiya, kawunnaina kowa yana garin da abinci ya kai shi. Shi ya sa da aka tashi aurena, maigidana ya yarda muka zauna a sashen baya don kada a bar tsoho shi kaɗai. Ke nan amanarsa a wuyana take, ba a wuyan kowa ba.

Ni ba tsohuwa ba ce, amma Tudun Wadar da na taso a cikinta ta riga ta tafi. A da, in gari ya waye, lugude za ka fara ji daga gida zuwa gida, da faɗawar guga a rijiya, tinjim, da muryar mai koko tana jan kiranta har ƙarshen lungu. Can nesa jirgin ƙasa ya yi kuka. Da hantsi kuma sai ƙananan jiragen nan na masu koyon tuƙi su fara kewaya sama kamar shirwa ta ga 'yan tsaki. Bayan gidanmu fili ne fetal da itatuwan mangwaro, nan muke tsinto ƙirare, nan muke shanya wanki a kan ciyawa mu danne da duwatsu. Yau filin ya zama jerin shaguna, rijiyarmu ta ƙafe sai 'yan garuwa, turmi yana kife a bayan madafa, injin niƙa da janareta sun cinye duk wani sauti. Ko jirgi ya wuce ba mai ɗaga kai, kowa ya sunkuya a kan waya. Baba kaɗai ya rage mai ɗaga kai. Ko yana alwala ya ji jirgi, sai ya tsaya da butar a hannu, ya bi shi da ido har ya ɓace.

Baba Mai Lema ake ce masa a unguwa, domin yana cikin na farko-farkon sojojin da aka koya wa dirowa daga jirgin sama da lema. A zamaninsu, in ji shi, ba wanda ya taɓa ganin ɗan'adam ya fito daga jirgi yana sama, ya kuma ci tuwon dare. Bayan la'asar tsofaffin abokansa sukan taru a gindin darbejiyar ƙofar gida, ni kuma in kai musu ruwa in ƙi tashi.

"Amarya, ba ki da aiki ne a cikin gida?" Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika.

"Ni ba na auren tsohon da ya faɗo daga sama," in ce masa.

"To wa kika samu? Waɗannan samarin da ko katanga ba sa iya dirowa?"

Sai a kwashe da dariya, a ci gaba da labari. A nan na ji yadda cikin jirgi yake warin mai da gumi, yadda kowa yake motsa baki da addu'a, Musulmi da Kirista, ba mai kallon wani. Na ji yadda ake buɗe ƙofa iska ta mare ka, sajan ya bugi kafaɗarka, ka jefa kanka inda ba ƙasa. Sai ka ji fat, an fizge ka sama kamar an kama wuyan rigarka. Daga nan kuma shiru. Baba ya ce bai taɓa jin shiru irin wannan ba, har carar zakara da dakan mata yake jiyowa daga ƙauyen da ke ƙarƙashinsa. Ranar dirowarsa ta fari a gonar dawa ya faɗa, wata tsohuwa ta saki ƙwaryarta tana salati. Da ta ga mutum ne har yana ɗingishi, sai ta matso ta ce, "Ɗan nan, tunda daga can ka fito, ka ga alamar ruwa kuwa?" Waɗannan tsofaffi yanzu duk sun ƙare, darbejiyar ma an sare ta an kafa kes ɗin cajin waya.

Amma Baba bai cika alfahari da dirowa ba. Aikin da ya fi daɗewa a kai shi ne naɗi, wato ninke lema a cusa ta a jakarta yadda za ta buɗe wa wanda ya goya ta. Yakan ce mai dirowa jarumin minti ɗaya ne, mai naɗi shi ke yawo da rayukan mutane a tafin hannunsa. A kan dogon tebur ake yi, kuma doka ce, mai naɗi ba ya magana, ba ya amsa gaisuwa, ba ya waiwaye har sai ya gama. Wannan doka ta biyo shi gida. Ranar wanki shi ke ninke kaya, ba Inna ba. In riƙe bakin zanen gado biyu, ya riƙe biyu, mu ja, mu haɗa, ya bi da gefen hannu yana kwantar da shi, in ya ga ƙwarya-ƙwaryar tudu sai a warware a sake. Ko wa ya yi sallama a lokacin, sai dai ya jira. Liman ma ya taɓa tsayuwa a zaure yana ta doka sallama har ya yi fushi ya tafi. Abu ɗaya ne ban gane ba a lokacin. Duk ranar da wani ya shigo da murna ya ce masa "Albishirinka," Baba ba ya cewa goro. Fuskarsa takan canja, ya tashi ya bar wurin. Na tambayi Inna, ta ce, "Ƙyale shi, tun haihuwar uwarki yake haka." Ko da na haihu maigidana ya je da gudu ya ce masa albishir, cewa ya yi, "Faɗi maganarka kawai, yaro."

Cikin daminar da ta wuce ne, wata rana bayan la'asar, maigidana ya dawo daga shagonsa na gyaran waya a Tudun Jukun, ya zauna kusa da Baba don ya faranta masa.

"Baba, zo ka ga jikokinka na zamani."

Ya nuna masa hoton bidiyo. Wasu mutane ne a wata ƙasa, har da mata, suna zubowa daga jirgi suna riƙe hannun juna a sararin sama, suna dariya, lemarsu mai launi-launi kamar katifar yara. Baba ya kai fuskarsa dab da wayar.

"Wa ya koro su?"

"Ba kowa, Baba. Nishaɗi ne kawai, wasa ne."

"Wa ya naɗe musu?"

"Oho, wa ya sani."

"Oho? Mutum ya goya ransa a baya, ka ce oho?"

Maigidana ya yi dariya, ni ban yi ba, domin na ga hannun Baba. Ya fara lanƙwasa yatsu, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, sai ya tsaya yana kallon ɗaya hannun. Ya sake daga farko. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Washegari da hantsi ina yi wa 'yata wanka, injin maƙwabta yana ta ruri, ban ji komai ba. Na ɗauko kokonsa na kai, ba takalma a ƙofa. Sandarsa kuwa tana jingine a bango. Ganin sandar nan ya fi komai tayar mini da hankali, domin na san ba Baban yau ne ya fita ba, na da ne. Na kira maigidana sau uku bai ɗauka ba. Na saɓa yarinya a baya ko mai ban shafa mata ba, na zura hijabi na fita. Masallaci ba kowa. Mai kayan miya ta ce ba ta lura ba. Mai shayin bakin lungu ya ce, "Na gan shi, har na gaishe shi bai amsa ba. Sauri yake kamar saurayi, na ce yau Baba an sha magani." Na kai bakin titi ina duba kwata, ina duba ƙarƙashin motoci. Wani mai faci da ya san mu ya ɗago kai daga tayar da yake bugu.

"'Yar Baba, lafiya? Yanzun nan ya hau adaidaita. Na ji yana ce wa yaron, kai ni Kwangila, maza kafin motar ta wuce."

Na sha rantsuwa ba zan hau acaɓa da goyo ba. Ranar na hau, na ce wa mai acaɓar ya yi gudu.

Tun kafin mu isa na ji hon yana tashi ta ko'ina, motoci sun yi cirko-cirko. Na sauka na kutsa cikin mutane. Ga wata babbar mota lulluɓe da tamfol, ga Baba tsaye a gabanta tsakiyar titi, ya dafa hancinta da hannu biyu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan babu. Hularsa ta faɗi. Direba ya leƙo ta taga yana kumfar baki.

"Tsoho, in mutuwa kake nema ka je ka nemi wata motar! Ni ina da iyali!"

"A sauke kaya!" in ji Baba, da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba. "Akwai guda a ciki. Ba inda za ta sai an sauke!"

Samari sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, wani yana cewa, "Baba soja, a ƙame!" ana dariya. Direba ya taka mai don ya tsorata shi, motar ta yi gurnani ta ɗan zabura, na ga jikin Baba ya yi baya, amma bai saki ba. Ban san lokacin da na faɗa gaban motar ba, da goyona da komai. Na kama hannunsa.

"Baba, ni ce. Zo mu tafi gida."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Matsa, baiwar Allah. Mata ba sa shiga nan."

'Yata ta tsala kuka, zafin injin yana dukan fuskata. Na san ko mutum uku ba za su ɓamɓare shi ba sai sun karya shi. Sai na ɗaga kai na ce, "Direba, don girman Allah, ka buɗe masa ya gani. Ba shi da lafiya. Gani kawai zai yi."

"Hajiya, kin san igiya nawa ke jikin tamfol ɗin nan?"

Wani dattijo cikin 'yan kamasho ya matso ya bugi ƙofar motar. "Kai, kashe ta ka sauko. In Allah ya ja kwananka, kai ma wata rana jikarka za ta roƙa maka." Direba ya yi tsaki, amma ya kashe. Aka kwance gefe ɗaya aka ɗaga. Na riƙo Baba muka zagaya. Buhunan masara ne. Ya shafa ɗaya, ya danna da yatsa, ya kai hanci ya shinshina.

"Ba ita ba ce," ya ce a hankali. "Ta wuce."

Sai ya sulale ƙasa. Aka taya ni ɗaukarsa zuwa bencin wata mai shago, 'yar kudu, ta kawo ruwa tana cewa, "Papa, sha, sha kaɗan." Ya sha, ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago sai na ga hankalinsa ya dawo.

"Amarya, ke ce? Wa ya ce ki fito da jaririya cikin ranar nan?"

"Kai ka fito da ni, Baba. Wace mota kake nema?"

A kan bencin nan, cikin hayaƙi da hon, ya gaya mini abin da ko Inna bai gaya wa ba. Ya ce kayan aikin mai naɗi shida ne a wurinsu, sanda, da ƙugiya, da 'yan jakunkunan yashi huɗu da ake danne ƙyallen lema da su kada ya warware kafin a gama. Kafin ka fara ka ƙirga, in ka gama ka ƙirga, don kada wani abu ya bi lema ciki. Ɗaya daga jakunkunansa ta yage, sai Inna ta ɗinka masa wata da guntun saƙi, baƙi mai ratsin ja, ta cika ta da yashin rafi.

"Ranar ina kan lema ta ƙarshe," ya ce, "sai ga maƙwabcinmu ya leƙo ta taga. Albishirinka! Shekara bakwai muna neman haihuwa, amarya. Wa ake ce wa albishir ya yi shiru? Na ce goro. Ya ce fari ko ja, na ce fari. Ya ce an sami mace, uwa da 'ya lafiya. Uwarki ke nan. Hannuna ya ƙarasa aiki, zuciyata tana gida. Na rufe, na ɗaure, na watsa kayan a akwati ban ƙirga ba. Da safe na zo na ƙirga. Biyar. Ta kakarki ce babu."

"Ba ka buɗe lemar ka duba ba?"

"Mota ta kwashe su tun asuba, an kai wani bariki mai nisa, wasu za su dira da su."

"To ka faɗa wa manya?"

Ya girgiza kai. "Na je har ƙofar ofishin babbanmu. Na tsaya. Na tuna suna saura kwana shida, na tuna ɗauri, na tuna kora, ga jaririya. Na ce gobe. Na juyo." Ya kalli hannunsa. "In lemar ta buɗe, jakar faɗowa za ta yi kawai, ko ta bugi mutum a ka, a yi dariya. In kuwa ta sarƙe a igiyoyi, shi ke nan. A lokacin ba waya a hannun kowa, labari ba ya zuwa sai an ga dama. Ban ji an mutu ba, ban ji an tsira ba. Ban san ma wanda ya goya ta ba. Da uwarki ta rasu da ƙuruciyarta, na ce ko biya na yi."

"Astagfirullah, Baba. Kwananta ne ya ƙare."

"Kaina ya sani. Ƙirjina ne bai sani ba."

Tun daga ranar maigidana ya sa kwaɗo a ƙofa, mabuɗi yana ɗaure a bakin zanina. Ba na jin daɗin kulle mutumin da aka taɓa buɗe wa ƙofa a sararin sama, amma ba ni da yadda zan yi. Kullum da safe in na kai masa koko, tambayarsa ɗaya, motar ta dawo? Ƙarfinsa yana raguwa, yanzu a zaune yake salla. Maigidana ya ce mu yi masa dabara don ya huta, mu ce an tsinci jakar a ƙarƙashin tebur, ba ta taɓa bin lema ba. Na nemo guntun saƙi a wurin wata tsohuwa a Dutsen Abba, na ɗinka da hannuna, na cika da yashi, na murza ta a ƙasa don ta yi kamar ta daɗe. Na kai masa. Ya karɓa, ya juya ta, ya bi ɗinkin da farce.

"Kakarki bahaguwa ce," ya ce. "Ɗinkinta hagu yake kwanciya." Ya miƙo mini. "Allah ya yi miki albarka, amarya. Kada ki ƙara."

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, duk da karatuna bai yi nisa ba. Na san sojojin lema na farko ba su da yawa, kuma na san irin labarin nan ba ya mutuwa a gida. Mutumin da lemarsa ta buɗe a sama, 'yar jakar saƙi baƙa mai ratsin ja ta faɗo masa, ba zai fasa ba wa 'ya'yansa labari ba, ƙila ma ya ajiye ta a ƙasan akwati. Don Allah, in mahaifinka ko kakanka ya yi wannan aiki, ka tambaye shi in yana raye, in ba ya raye ka tambayi tsofaffin gidanku. In kun taɓa jin wani abu mai kama da haka, ku zo Tudun Wada ku tambayi gidan Baba Mai Lema, ku gaya masa da bakinku, kuma kada ku jinkirta. In kuma labarin ba mai daɗi ba ne, ku tsaya a waje ku aika a kira ni. Ni zan fara jin sa.